Tanderu, kwalabe da wutar da ba ta da tabbas: amsoshi ga masu son aikin gilashi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon duk a kan abu ɗaya suke, wato aikin gilashi na tanderu. Ga wanda bai san shi ba, ba irin wanda ake hurawa da bututu ba ne. Gilashin ake yankawa yana sanyi, a jera shi hawa-hawa a kan allon tanderu, a kai shi zafin da zai yi laushi ya haɗe ya zama abu guda. In faranti ko kwano ake so, sai a sake mai da shi wuta a bisa mazubi, da zafin da bai kai na farko ba, nauyinsa ya ja shi ya lotsa ya ɗauki siffar mazubin. Sana'ar tsohuwa ce. Rumawa sun yi kwanuka masu launi-launi ta wannan hanya kafin hura gilashi, wanda aka gano a yankin Sham wajen ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya zo ya ture ta gefe saboda sauri da araha. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye.

"Yayana yana Amurka, ya ce in zaɓi ƙaramin tanderun gilashi ya saya ya aiko mini. A nan kuma an yi mini tallan wani tsohon tanderun lantarki na gasa kayan yumɓu. Wanne zan ɗauka?" Wata malamar makaranta, Zariya

Malama, kafin ki kalli kyan tanderu, nemi ɗan allon ƙarfen nan da ke manne a jikinsa inda aka rubuta ƙarfin wutar da yake sha. Yawancin ƙananan tanderun da ake sayarwa a Amurka na bolt 120 ne, mu kuwa wutarmu 230 ce, a Nijar 220. In kika jona na 120 kai tsaye, wayoyin zafinsa da na'urarsa za su ƙone nan take. Ana iya sa masa taransifoma mai rage wuta, amma ba irin ƙaramar da ake sa wa rediyo ba. Tanderu mai shan wat 1,800 na tsawon awanni yana buƙatar babba mai nauyi, wadda kuɗinta kaɗai zai cinye sauƙin da kike ganin kin samu. Kamfanonin can irin su Paragon da Skutt da Evenheat suna ƙera na bolt 240, don haka in daga can ne, yayanki ya faɗa musu ƙasar da za a kai shi tun kafin ya biya. In yana da hanya ta Turai, ta fi sauƙi: Kilncare na Ingila da Nabertherm da Rohde na Jamus wutarsu irin tamu ce, na Ingila ma har fulogin mai ƙafa uku iri ɗaya ne da na gidajen Najeriya.

Bambancin tanderun gilashi da na yumɓu yana wurin da aka sa wayoyin zafi. Na gilashi a murfi suke, suna sauke zafi daidai a kan fuskar aikin, domin gilashi shimfiɗe yake. Na yumɓu a bango suke, su fara gasa gefe kafin tsakiya. A faranti mai faɗi, gefe ya yi zafi ya buɗe tsakiya na nan da sanyinta, sai ki ji ƙas. Maganinsa hawan zafi a hankali da ajiye aikin a tsakiya, nesa da bango. Ga abin da bai wuce santimita 30 ba, tanderun yumɓu yana yin aikin lafiya lau.

Abin da ba a sasantawa a kansa shi ne na'urar sarrafa zafi, wadda ake rubuta mata matakai: hau da sauri kaza, tsaya a digiri kaza na minti kaza, sauka da sauri kaza. Tsofaffin tanderun yumɓu da yawa ba su da ita. Abin da suke da shi wani ɗan makunni ne da ke kashe wuta idan zafi ya kai inda ake so, shi ke nan. Wannan ya ishi tukunya, bai ishi gilashi ba, domin rabin aikin gilashi a saukowa yake.

Da ni ce za a tambaya, zan je in ga tsohon nan da idona. A kunna shi babu komai a ciki, a ga ko duk layukan wayar sun yi ja. A duba tubalin ciki, ƙananan tsaga ba komai ba ne, amma guntun da ke zubowa daga murfi zai faɗa wa aikinki ya manne har abada. A duba ƙasansa ko akwai narkakken fentin tangaran da ya ci tubali. In ya tsallake waɗannan, ki saye shi, ki ce yayanki ya aiko miki da na'urar sarrafa zafi mai aiki da bolt 230, da sandar auna zafi nau'in K guda biyu, da makunnin na'urar na ajiya. Waɗannan jakar hannu ma ta ɗauke su, tanderu kuwa sai jirgin ruwa da kwastan, ga tubalinsa da ba ya son jijjiga.

In kuma sabo kike so dole, mai faɗin ciki santimita 35 zuwa 40 ya isa mai farawa. Irinsa yana shan kamar kilowat 3, amfiya 13 ke nan, iyakar abin da soket ɗin gida ke ɗauka. A ja masa layinsa shi kaɗai daga akwatin wuta, da waya mai kauri. Ban da wayar ƙari ta kasuwa.

"A unguwarmu wuta ba ta awa huɗu a jere. Ina da ƙaramin janareta. Zai iya?" Wani matashi mai aikin alminiyam, Gusau

Ɗan'uwa, bari in nuna maka yadda gashi ɗaya yake tafiya, ka yi lissafin da kanka. Ɗauki faranti mai hawa biyu, kauri milimita 6, na gilashin launi na kamfanin Bullseye na Amurka. Ana hawa da kamar digiri 200 a awa har zuwa 660 a ma'aunin Salshiyas, a tsaya rabin awa don iskar da ke tsakanin hawa biyun ta samu ta fice. Daga nan a hau da sauri zuwa 800 ko 810, a tsaya minti goma. Sai a sauko zuwa 482 a zauna awa guda cur, sannan a riƙa saukowa da digiri 55 zuwa 80 a awa har 370. Nan ne ake kashewa, kuma ba a buɗe murfi sai hannu zai iya taɓa gilashin. Ka tara, za ka ga awa takwas zuwa tara ne da ake son wuta ba yankewa.

Zaman nan na 482 shi ne zuciyar aikin. Fatar gilashi tana rigan cikinsa hucewa. In aka bar shi ya huce da gaggawa, waje ya daskare ciki na nan yana tsukewa, sai ja-in-ja ta zauna a jikinsa wadda ido ba ya gani. Faranti ya fito sumul, ka sayar, bayan mako uku yana cikin kabad ba wanda ya taɓa shi ya rabe biyu. Mai saye ba zai ce wuta aka ɗauke ba, cewa zai yi kayanka ba su da kyau.

Ƙaramin janareta mai shan mai gauraye da baƙin mai, ɗin nan da bai kai wat dubu ɗaya ba, ka cire shi a lissafi. Tanderu mai kilowat 3 yana son janaretan da ya ba shi sarari sosai, mai kilowat 5 zuwa sama, domin na'urar kunnawa da kashewa take yi ba ƙaƙƙautawa, injin da yake a iyakar ƙarfinsa kuwa ba ya jure wannan fizgar. Sola da batir na iya yi, amma fa babban saiti, ba na fitila da fanka ba.

Akwai wata matsalar da ta fi ɗaukewar wuta ɓoyuwa, ita ce raunin wuta. Idan 230 ta faɗo 190, zafin da wayoyin ke bayarwa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tanderu ya maƙale a 700 yana ta shan yunit bai kai ko'ina ba, gilashin kuma yana daɗewa a zafin da ke sa fuskarsa yin hazo. Sayi ɗan mitan auna bolt, ka lura da wutar unguwarku mako guda. Sau da yawa tsakar dare ta fi ƙarfi.

In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kada ka ɗaga murfi don leƙawa. Idan ta tafi a lokacin saukowa, a bari ya huce a rufe, washegari a sake hawa da shi sannu a hankali ya ɗan wuce 482, a maimaita zaman da saukowar daga farko. Aikin bai lalace ba muddin bai tsage ba.

Wannan ne ma ya sa, ga mai irin wutarka, na fi son tanderun tubali a kan na audugar zafi, wato wanda aka lulluɓe cikinsa da wani abu mai kama da auduga da ba ya ƙonewa. Na auduga yana saurin hawa, ba ya shan wuta da yawa, amma yana saurin hucewa. Na tubali mai kauri yana riƙe zafi, ko wuta ta tafi saukarsa a hankali take, ƙananan abubuwa kan tsira. Ka kuma tambayi mai sayarwa ko na'urar tana ci gaba daga inda ta tsaya in wuta ta dawo. Wasu suna yi, wasu sai an sake saita su.

"Na ga ana rubuta 90 da 96 a jikin gilashin launi a intanet. Wanne ya fi? Kuma me zai hana in yi da gilashin taga da ake sayarwa a nan?" Wata ɗaliba, Maraɗi

Ƙanwata, ba wanda ya fi wani. Lambar tana nuna yadda gilashin ke buɗewa in ya ji zafi. Sandar gilashi mai tsawon mita ɗaya, in aka ƙara mata digiri 300, ta lamba 90 za ta ƙaru da milimita 2.7, ta lamba 96 da kusan 2.9. Bambancin bai kai kaurin farce ba. Amma in kika narka su suka haɗe, wajen hucewa ɗaya yana tsukewa fiye da ɗaya, kuma ba su da hanyar rabuwa sai ta tsagewa. Shi ya sa ba a gauraya su, ko da ɗan ɗigo ne.

Lamba 90 an fi saninta da Bullseye, kamfanin da aka kafa a Portland ta jihar Oregon a 1974. Su ne suka fara fitar da gilashin launi da aka gwada aka tabbatar yana haɗuwa da juna, a farkon shekarun 1980, bayan hulɗarsu da Klaus Moje, wani gwanin gilashi ɗan Jamus. Lamba 96 ta kamfanin Spectrum ce a da. Da suka rufe a 2016, kamfanin Oceanside ya karɓi aikin ya mai da shi Meziko. Wissmach ma suna yin duka biyun. Na 96 ya fi santsi da sauƙin yanka, na 90 ya fi yawan launuka. Kada ki dogara da lamba kaɗai: gilashi biyu na kamfani daban-daban suna iya ɗaukar lamba ɗaya su ƙi juna, domin yadda kowanne ke yin laushi ma yana da tasiri. Zaɓi gida ɗaya ki zauna a cikinsa. In kina da iri biyu a shago, kowanne da akwatinsa da alamarsa, har ɓaraguzansa.

To amma gaskiyar magana, ga wadda take Maraɗi ko Katsina, gilashin launi na waje kaya ne mai nauyi, mai fashewa, da ake biya da dala. Ban ga dalilin da za ki koyi yanka a kansa ba. Fara da na taga.

Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: duk abin da zai shiga aiki ɗaya ya fito daga falle ɗaya. Ragowar da masu tagogi ke tarawa a bayan shago daga masana'antu daban-daban suke, kuma ba mai iya bambance su da ido. Sayi falle guda mai kaurin milimita 3, ki yanka ki yi hawa biyu. Hawa biyun ba ado ba ne. Narkakken gilashi kullum kaurin milimita 6 yake nema. In bai kai ba sai gefensa ya janye ciki ya yi ƙugu, in ya wuce sai ya bazu. Na taga ya fi na launi taurin kai, yana son zafi wajen 820 zuwa 840 kafin ya haɗe sosai, zaman hucewarsa kuma wajen 540 zuwa 550 ne, ba 482 ba.

Fuskokinsa biyu ba ɗaya ba ne. Ana yin sa ne ta hanyar zuba narkakken gilashi a kan tafkin narkakken kuza, dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1950, saboda haka fuska ɗaya tana ɗauke da ɗan kuza a jikinta, kuma takan sauya launin fenti ko ta yi hazo. Akwai fitila ta musamman da ke nuna ta, amma ba sai kin saya ba. Ki sa alama a fuska ɗaya tun fallen yana cikakke, ki gasa 'yan guntaye biyu, ɗaya alama sama ɗaya alama ƙasa, ki ga wanda ya fi fitowa tas, ki riƙe wannan.

Launi fa? Ana sa abu a tsakanin hawa biyun. Siririyar wayar tagulla daga tsohon kebur, ko fallen tagulla marar kauri da aka yanka da almakashi, yana fitowa ja-ja mai duhu, wani wurin da shuɗi-shuɗi, ga ƙananan kumfa a kewaye. Dagin Arewa da aka lanƙwasa da wayar tagulla a cikin gilashi garau abu ne da ba za ki same shi a kantin kayan waje ba. A Turai ana sayar da garin gilashi mai launi da aka yi musamman don na taga; kwalba kaɗan ta isa aiki mai yawa, kuma ita ce ta cancanci kuɗin aike.

Abin da ba za ki saya ba: gilashin gefen mota da na ƙofar banki, an ƙarfafa su, da kin ja musu layi za su tarwatse; gilashin gaban mota, akwai roba a tsakiyarsa; madubi da mai duhun shafe; da kwanon Pyrex na asali, ɗin nan na gilashi mai jure zafi, wanda lambarsa 33 ce, ba ya haɗuwa da kowa.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ɗora ɗan guntun gilashin da kike shakka a kan marar launi, ki gasa su haɗe. Buɗe farin shafi a kwamfuta, ki riƙe aikin a gabansa, ki sa tabarau irin na direbobi mai kashe ƙyalli, ki karkata kai har allon ya yi baƙi. In kin ga farin haske ya kewaye guntun, ja-in-ja ce. In duk ya yi duhu, sun karɓi juna.

"Kwalaben lemo da na turare sun cika mana gida. Ba za a narka su a yi faranti ba?" Wani magidanci, Kumasi

Malam, za a yi, amma kowace kwalba ita kaɗai. Kwalba ɗaya da aka wanke aka cire mata takarda da gam, aka kwantar a tanderu wajen digiri 780 zuwa 800, za ta baje ta zama ɗan tire mai wuya a matsayin mariƙi. Rubutun da aka gasa a jikin kwalaben lemo na da ba ya gogewa, yana fitowa da kyau. Haɗa kore da ruwan ƙasa da fara a faranti ɗaya kuwa caca ce, ko da kamfaninsu ɗaya.

Kana Ghana, kada ka tsaya karanta ni. Je ka ƙasar Krobo, wajen Odumase da Somanya, ka ga masu duwatsun ado. Suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a ƙananan mazuban yumɓu da aka shafa wa farin yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya wanda zai ƙone ya bar ƙofar zare, su gasa da itace. Ranar Alhamis kasuwarsu ke ci a Koforidua. A Najeriya ma Masaga na Bida, a ƙasar Nufe, sun daɗe suna narka kwalabe suna yin awarwaro da duwatsun wuya. Abin lura shi ne duk ƙananan abubuwa suke yi. Ƙaramin abu yana yafe gauraye da saurin hucewa, faranti ba ya yafewa.

In za ka daka gilashi, a jiƙe, da takunkumi na gaske da tabarau, kuma ba a turmin gida ba.

"Mazuban da ake sayarwa a waje sun yi tsada. Zan iya amfani da kwanon silba ko samira?" Wata mai sana'ar kayan ado, Kano

Hajiya, a nan ne kasuwarmu ta fi ta waje, in an san abin da za a ɗauka. Abin da muke kira silba kashi biyu ne. Wani alminiyam ne, shi kuwa yana narkewa a digiri 660, daidai tsakiyar zafin da ake lotsa gilashi, wato 620 zuwa 680 ga na launi, sama da haka ga na taga. Za ki buɗe tanderu ki tarar da kwano ya zama tafki. Wani kuma ƙarfe ne marar tsatsa, mai ƙara in an ƙwanƙwasa, wanda ba ya lotsewa da yatsa. Shi ake so. Samira a'a, domin fentin jikinta shi kansa gilashi ne, zai manne da naki. Kwanon rufi da bokitin ƙarfe mai ruwan tutiya su ma a'a, hayaƙinsu guba ne.

Ƙa'idar ita ce: ƙarfe a kifa shi gilashi ya rufo ta bayansa, yumɓu kuma gilashi ya sauka cikinsa. Ƙarfe ya fi gilashi tsukewa wajen hucewa, in gilashin yana ciki sai ya matse shi. Yumɓu bai kai gilashi tsukewa ba, in gilashin ya rungume shi ta waje sai ya tsage.

Kasko marar zurfi na maginan tukwane yana yin mazubi mai kyau, har tandar waina ta ƙasa tana ba da 'yan ƙananan kwanuka. Ki zaɓi wanda bakinsa ya fi cikinsa faɗi, in ba haka ba aikin ba zai fito ba. A goge cikin da samfefa, a huda ƙananan ƙofofi biyu ko uku a ƙasa don iska ta fita, sannan a gasa shi shi kaɗai ya wuce zafin da za a yi aiki da shi. In zai fashe, gara ya fashe ba gilashi a kansa.

Allon tanderu da mazubi duk sai an yi musu shafen hana mannewa. Na sayarwa haɗin kawolin ne, wato wani farin yumɓu, da garin sinadarin alumina, a dama awo ɗaya da awo biyar na ruwa, a shafa sau huɗu ko biyar da burushi mai laushi, kowane shafi ta wata fuska, a bari ya bushe ƙarau. Kawolin muna da shi a Ƙanƙara ta Katsina da Alkaleri ta Bauchi; wanda aka tace aka tankaɗe yana aiki shi kaɗai a zafin lotsawa, ko da yake yana saurin ɓarewa. Kada a ba ki farar ƙasar shafen bango a ce duk ɗaya ne. A kan ƙarfe shafen ba ya zama sai an ɗumama kwanon tukuna. Ranar kankare tsohon shafe kuma a sa takunkumi, ƙurarsa ba ta huhu ba ce.

"Akwai wani ɗan tanderu da ake sawa cikin na'urar ɗumama abinci. In saya?" Wata amarya, Kaduna

In 'yan kunne da abin wuya ne burinki, saya. Cikin 'yan mintuna yake narka guntun da bai wuce faɗin murfin kwalba biyu ba, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ba shi da ma'aunin zafi, ba shi da zaman hucewa, don haka sakamakonsa yau daban gobe daban, kuma ba zai taɓa yin faranti ba. Ki ware masa na'urarsa dabam da ta abinci, ki ajiye shi a kan tubali in kin fito da shi, ki ƙyale shi a rufe aƙalla rabin awa.

Kayan hannu kuwa ba su da yawa: abin yanka mai ɗan gare, wanda masu tagogi ke kira dayamon, ki sayi mai kyau ɗaya maimakon na araha biyar, filayar ɓalle gilashi, dutsen goge baki da ake aiki da shi a jiƙe, sifirit na goge shatin yatsa kafin gashi, domin maiƙon hannu yana barin hazo. Injin gurza baki ya jira tukuna. Ɗakin aikin ya zama wanda yara ba sa shiga ba takalmi, kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake share shi, ba da tsintsiya ba. In kina son koyo na sosai, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen fasahar gilashi, kusa da ke ne.

"Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. An nuna mini kwanukan gilashi masu launi an ce aikin hannu ne, kuɗinsu ya ninka na kanti. Yaya zan gane, kuma ana cin abinci a ciki?" Wata uwa, Sakkwato

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Juya kwanon ki duba bayansa. Na tanderu fuskarsa tana sheƙi, bayansa kuma yana da ɗan dishi-dishi, shatin allon da ya kwanta a kai. Za ki ga 'yan ƙananan kumfa a ciki, ba aibi ba ne. Na inji yana da siririn layi inda mazubi biyu suka haɗu, kuma guda goma duk kamarsu ɗaya. Kankara launin da farce a wani lungu: in ya ɓare, fenti ne aka shafa a sama, ba gilashi mai launi ba.

Bi bakinsa da yatsa a hankali, kada ki ji ƙaya ko kaifi. Farin gari da ya manne a baya, ko hazo a fuska wanda ba ya fita da wanki, alamar sakaci ne, a rage miki kuɗi ko ki bar shi. Ajiye shi a tebur ki ga ko yana rawa. Ɗaga shi a rana ki nemi tsaga, musamman inda launi biyu suka haɗu. In akwai ko ƙanƙanuwa ce, za ta yi tafiya.

Batun abinci, ki tambayi mai shi kai tsaye ko ya rufe launin da gilashi marar launi a sama. Ja da ruwan lemo da ruwan ɗorawa yawanci da sinadarin kadmiyam ake samun su, wasu ruwan hoda kuma akwai dalma a ciki, kuma su kansu masu ƙera gilashin sun ce a rufe irin waɗannan in za su taɓa abinci. Wanda aka rufe ya dace da dabino, goro, cincin, alewa, kayan marmari. Miya daga kan wuta, ruwan shayi, tanda da na'urar ɗumama abinci duk ba nasa ba ne, zafin farat ɗaya yana tsaga shi, balle da sanyin hunturu. A wanke shi da hannu, da ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Kada ki cika kabad da shi. Na cin abincin yau da kullum ki saya a kanti, sun fi araha kuma in ɗaya ya fashe akwai irinsa. Na hannu ki ɗauki biyu ko uku manya na tarbar baƙi, ki kuma nemi mai yin su ya yarda tun kafin ki biya cewa in ɗaya ya tsage da kansa a watannin farko, ba faɗuwa ba bugu, zai canza miki.